Kwikwiyon da aka haifa shiru: yaya zan gane iska ta yanke masa tun a ciki?

Mai Kaji na Bukuru ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a wannan harka, musamman in akwai likitan dabbobi a cikinmu.

Ina da gonar kaji a bayan Bukuru ta hanyar Vom, kuma karnuka ne ke min gadi da dare. Karyata Duna, wadda uwarta Boerboel ce, irin manyan karnukan gadin nan na waje, ubanta kuma irin namu na gida, ta haihu daren jiya, haihuwar fari, 'ya'ya bakwai. Ukun farko lafiya lau suka zo. Da ta fasa jakar ta lashe ɗan, sai ka ji ƙara, yana mutsu-mutsu yana laluben nono. Daga nan abu ya cije. Ta yi yunƙuri, ta tashi ta zagaya, ta kwanta ta sake yunƙuri, shiru. An kai wajen awa 2 tsakanin na uku da na huɗu. Da na huɗun ya zo, ta ƙafafun baya ya fito, jikinsa jage-jage da wani ruwa kore mai duhu, uwar kuma ta galabaita, ko kallonsa ba ta yi ba. Ni na yage jakar da hannuna. Ya yi laƙwas a tafina, kai yana reto, ba kuka ba motsi. Na haska bakinsa da tocila na ga harshen ba ja ba ne irin na sauran, ya yi shuɗi-shuɗi. Na share masa hanci da baki, na yi ta murza shi da tawul, can sai ya wangale baki ya ja numfashi ɗaya mai nauyi, ya yi tsit, ya sake ja. Da kyar ya fara wani kuka siriri.

Yanzu yana raye, amma bai kama 'yan'uwansa ba. Sai na ɗora shi a kan nono na tallafe masa kai, ya tsotsa kaɗan ya saki. Kuma yana yawan rabewa gefe shi kaɗai, ga sanyin Janairu, kun dai san yadda Jos take da asuba.

Maƙwabcina ya ce da na riƙe shi da hannu biyu na kaɗa shi ƙasa da ƙarfi, ruwan da ke ƙirjinsa ya fita, kuma da na aika kemis an sayo allurar naƙuda tun da abin ya tsaya. Ban yi ko ɗaya ba don ban taɓa ganin an yi ba. Shin gaskiya ya faɗa? Sannan yaya mutum zai duba kwikwiyo da zarar ya faɗo ya san wannan lafiyarsa ƙalau, wancan kuma iska ta yanke masa? Wanda ya sha irin wannan wahala, yana tashi daidai ko ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ke nan? Ina tambaya da gaske ne, domin ɗaya karyar tawa ma wata mai zuwa za ta haihu.


Baba Mafarauci ya amsa:

Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya raya maka su. Na daɗe ina kiwon karnukan farauta, kuma abin da zan gaya maka ido ne ya koya min, ba makaranta ba.

Fitowa ta ƙafa kada ta dame ka, da yawansu haka suke zuwa. Daɗewar ce matsala.

In kana son sanin ƙarfin kwikwiyo, kwantar da shi rigingine a kan tsumma. Mai lafiya ba ya yarda, nan take zai birkice ya koma kan cikinsa. Sa masa ɗan yatsanka mai tsabta a baki. In ka ji bakin da ɗumi kuma ya cafke yatsan yana ja, akwai rai sosai. In bakin ya yi sanyi, ya bar yatsan sakaka, to tashi tsaye a kansa. Ka kuma lura da barcinsu: mai lafiya yana barci yana zabura, ƙafa na motsi, kunne na motsi. Wanda ya kwanta shame-shame ba ko zabura, ko wanda ke ta kuka ba ƙaƙƙautawa, su ne abin tsoro.

Naka ɗin nan sanyi ne babban abokin gabarsa yanzu. Cusa shi cikin rigarka ya ji ɗumin jikinka, in ya yi ɗumi ka janye manyan gefe cikin kwali, ka ba shi nonon da ke can baya wajen cinya, sun fi ruwa. Ya samu dakashin nan ko ta halin ƙaƙa. Kuma kada ka ji ƙyamar hidimar, tausayin dabba akwai lada, ka san hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa.

Maganar kaɗawa kuwa, mu mun taso muna yi, kuma na ga waɗanda suka farfaɗo ta haka.


Dakta (likitar dabbobi, Jos) ta amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari. Murzawar nan da ka yi da tawul ita ce ta ceci ɗan nan. Baba ya faɗi gaskiya a kan juyawa da tsotson yatsa da ɗumi, mu ma abin da muke dubawa ke nan. Amma Baba, ka gafarce ni, a kan kaɗawa ban bi ka ba. Da can har a littattafanmu ana koyar da ita, yanzu an hana. Wuyan jariri ba shi da ƙarfi, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa sirara ne, kaɗawa da ƙarfi na iya sa jini ya zuba a cikin kai, tana iya kuma turo abin da ke ciki ya shige huhu. Waɗanda suka farfaɗo a hannunka, girgizar ce ta tashe su, kuma tawul yana yin wannan aikin ba tare da haɗarin ba.

Bari in fara da yadda iskar ke yankewa, don a nan ne amsar yawancin tambayoyinka take. Kwikwiyo a ciki ba ya numfashi, iskar oksijin yake samu daga jinin uwa ta mabiyiya da igiyar cibiya. Duk lokacin da mahaifa ta matse, jinin da ke zuwa masa yana raguwa, in ta saki ya dawo. Wannan ba komai, an halicce shi ya jure. Amma in naƙuda ta yi tsawo, ko mabiyiyar ta ɓalle daga jikin mahaifa alhali shi yana makale a hanya, ko igiyar cibiya ta matse, to ya rasa ta uwa kuma bai kai ga ta duniya ba. Wajen 4 cikin 10 na 'yan kwikwiyo ta baya suke fitowa, ba cuta ba ce, sai dai irin wannan in ya tsaya rabi a waje, cibiyar na matsewa alhali kai yana ciki. Shi ne ake kama shi da tsumma a taimaka a hankali, ana ja ƙasa wajen ƙafafun uwar, lokacin da take yunƙuri kaɗai.

Koren ruwan da ka gani daga gefen mabiyiya yake fitowa. Bayan an riga an haifi wasu, ganinsa ba abin mamaki ba ne. Inda yake zama gaggawa shi ne ka gan shi kafin ɗan fari ya fito, domin yana nufin wata mabiyiya ta riga ta rabu, akwai ɗan da ke shaƙewa a ciki.

Dubawa kuma akwai ma'auninta. Wata likita a Amurka, Virginia Apgar, ta fito da shi a 1952 don jariran mutane, sai a 2009 wasu likitocin dabbobi a Jami'ar Milan ta Italiya, su Veronesi, suka daidaita shi ga 'yan kwikwiyo. Abu biyar ake dubawa cikin minti 5 na farko, kowanne a ba shi maki 0, 1 ko 2. Mafi muhimmanci shi ne bugun zuciya. Ka riƙe ƙirjin da babban yatsa da manuni, daidai bayan gwiwar ƙafar gaba, za ka ji shi. Mai lafiya ya wuce 220 a minti, maki 2 ke nan. Tsakanin 180 da 220 maki 1, ƙasa da 180 sifili. Ƙirga na sakan 15: in ka samu fiye da 55, madalla, in ƙasa da 45 ne akwai matsala. A aikace ma, zuciyar mai lafiya tana gudu har ƙirgar ta gagare ka. In ka ji kana binta ɗaya, biyu, uku cikin natsuwa, ta yi ƙasa. Sai numfashi: fiye da 15 a minti tare da kuka mai ƙarfi maki 2, tsakanin 6 da 15 da ɗan kuka maki 1, ƙasa da 6 ba kuka sifili. Sauran ukun su ne launin dasashi da harshe, motsin jiki, da yadda yake amsawa in ka ɗan matsa tafin ƙafarsa. Ja mai haske, motsi mai ƙarfi, janye ƙafa da tsuwa, cikakken maki. Fari-fari da ɗan motsi, rabi. Shuɗi da laƙwas, sifili. Wanda ya tara 7 zuwa 10 a miƙa wa uwarsa. Mai 4 zuwa 6 yana son taimako da sa ido. Mai 0 zuwa 3 yana bakin mutuwa, kuma yadda ka kwatanta naka, a nan ya faɗo.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, in zuciyar jariri sabon haihuwa ta yi sanyin gudu, kusan kullum rashin iska ne ya jawo. Ba allura take nema ba. In iska ta shiga huhu, da kanta za ta ɗaga, harshen ya koma ja kana kallo. Saboda haka kada ka tsaya lissafin maki ɗan yana mutuwa. Yage jakar daga fuska, share baki sannan hanci, in kana da 'yar robar zuƙe majinar jarirai ka zuƙe a hankali, kan ya ɗan yi ƙasa da jiki kaɗan. Murza baya da ƙirji da busasshen tawul mai ɗumi, da ɗan ƙarfi, kana tallafe da kai. In an yi wajen minti ɗaya bai ja numfashi ba, sai a hura masa, a miƙe wuyan, a rufe hanci da baki tare, iska 'yar kaɗan wadda za ta ɗaga ƙirji kawai, duk bayan sakan 3 ko 4. In babu bugun zuciya gaba ɗaya, a haɗa da matsa ƙirjin da yatsu biyu da sauri. Kada a fid da rai kafin minti 15 zuwa 20. Cibiya ta jira, sai ya yi numfashi a ɗaure da zare wajen santimita 2 daga ciki, a yanke, a shafa aidin.

Allurar naƙuda kuwa, Malam, gode wa Allah da ba ka saya ba. Wannan ita ce ta fi ɓata min rai a aikinmu. Oksitosin ce, aikinta matse mahaifa. In an zuba da yawa, mahaifar na ƙullewa ta ƙi saki, duk 'ya'yan da suka rage a ciki jini ya yanke musu lokaci guda, mabiyiyoyi su fara ɓallewa. In kuma wani ɗa ne ya gicciye a hanya, mahaifar na iya yagewa a rasa uwar. Muna amfani da ita, amma sai mun tabbatar hanya a buɗe take, kuma kaɗan-kaɗan, wani lokaci ma sinadarin kalsiyam ko sukari ne karyar ta rasa. Abin da ya kamace ka shi ne agogo da lambar likita. Yunƙuri mai ƙarfi na minti 20 zuwa 30 ba ɗa, ko an wuce awa 2 tun fitowar na baya kuma ka san akwai saura, ka ɗauki waya.

Batun ƙwaƙwalwa, kwantar da hankalinka kaɗan. Jariran karnuka sun fi manya jure ƙarancin iska, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka faɗo a shuɗe suna tashi garau. Haɗarin yana cikin kwana 2 zuwa 3 na farko, domin rashin iskar na raunana hanji da huhu, ga kasala wajen tsotso. Daga nan sanyi ya kama shi, sukarin jini ya faɗi, numfashi ya sake yin ƙasa. In ya tsallake wannan, ka duba ko ido ya buɗe tsakanin kwana 10 zuwa 14, ko ya fara takawa wajen mako 3 tare da sauran. Farfaɗiya, ko zagaye wuri ɗaya, ko kai a karkace, su ne za su sa a kawo shi mu gani.

Yau ɗin nan ka nemo ma'aunin zafi da sikelin kicin. Ka gaya mana zafin jikinsa ta dubura da nauyinsa. Ka kuma leƙa ganɗarsa da tocila ko a tsage take, don mai tsagaggiyar ganɗa shi ma yana kama nono ya saki, madara na fitowa ta hanci.


Inna Ungozoma ta amsa:

Ni ba mai kiwon kare ba ce, jikana ne ya nuna min wannan zance. Amma na yi aikin karɓar haihuwa shekaru masu yawa, kuma duk abin da Dakta ta faɗa haka yake a ɗakin haihuwarmu: a busar, a murza baya, in bai yi kuka ba a ba shi iska cikin minti na farko. Mu ma an daɗe da hana mu riƙe jariri ta ƙafa kai a ƙasa ana bugunsa.

Abin da ya sa na sa baki shi ne sanyin da ka ambata. Na san mutanenmu, da hunturu ya kama sai a hura gawayi a kasko a kai ɗaki a rufe ƙofa da taga. Don Allah ɗana kada ka yi wa waɗannan 'ya'ya haka. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da guba marar wari marar launi, tana shiga jini ta tare wurin da iskar kirki za ta zauna. Manya ma tana kashe su cikin barci, balle abin da jiya-jiya ya sha da kyar. Hayaƙin janareta ma haka, kada a ajiye shi kusa da ɗakin. Ka zuba ruwan ɗumi a gorar roba, ka naɗe ta da tsumma mai kauri, ka sa a gefe ɗaya na kwalin. Taɓa da bayan hannunka tukuna, fatarsu ba ta da wuyar ƙonewa, kuma mai rauni ba zai iya matsawa ba in zafi ya yi masa yawa. Ka riƙa sauya ruwan, don gorar da ta huce ita ma janye ɗumin jikinsa take yi.


Mai Kaji na Bukuru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Dakta, Inna, Allah ya saka da alheri. Inna, kaskon ma yaron gona ya kawo shawararsa, na hana yanzu.

Dakta, na auna. Zafinsa digiri 34.6 ne, nauyinsa giram 390, sauran kuwa daga 480 zuwa sama. Ganɗar lafiya lau, harshen ya yi ja yanzu. Zuciyar na gwada ƙirgawa ta tsere min. In ba shi madarar gwangwani da cokali? Kuma batun hura masa iska da baki, gaskiya da nauyi a wurina, babu wata dabara?


Dakta ta amsa:

Zuciyar da ta tsere maka da jan harshe labari ne mai daɗi. Zafin ne bai yi ba. A makon farko 35 zuwa 37 ake so, kuma ba sa iya ɗumama kansu, ko rawar sanyi ba sa iya yi sai sun kusa mako guda. In zafin ya sauka wajen 34 hanji na tsayawa, madarar da ka ba shi ta zauna a ciki ta dawo ta shiga huhu. Naka yana gaɓar nan, don haka ɗumi tukuna, abinci daga baya. Ɗumama shi sannu a hankali, cikin awa 1 zuwa 3, a rigarka kamar yadda Baba ya ce ko kusa da gorar Inna. Cikin kwalin ya kasance wajen 29 zuwa 32, ba iska mai kaɗawa. Kafin nan ka iya shafa masa ɗigon ruwan gulukos a dasashi.

In ya haura 35, mai da shi kan nono duk bayan awa 2. In ya kasa ja, tatsi uwar cikin kofi mai tsabta ka ba shi da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo a kan harshe, yana kwance a kan cikinsa, ba rigingine ba. Ka hanzarta, domin hanjinsa ya fi karɓar kariyar da ke cikin dakashi a awannin farko, kafin a cika awa 24 ƙofar ta rufe. Madarar gwangwani da ta shanu ba su dace ba, nonon karya ya fi su maiƙo da sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, su kuma sun fi shi sukarin madara, zawo za su sa shi. In tatsar ba ta isa ba, akwai madarar gari ta 'yan kwikwiyo a shagunan magungunan dabbobi. Auna shi kowace safiya lokaci ɗaya ka rubuta. Raguwa kaɗan a rana ta farko ba laifi, daga nan ya riƙa ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 kullum, wato shi wajen giram 20 zuwa 40. In gobe bai ƙaru ba, ko ka ji numfashinsa da kurkur, ko ya daina tsotson yatsa, kawo shi a ranar, cikin kwali da gorar ɗumi. Za mu iya ba shi oksijin mu koya maka ciyarwa da siririn tiyo.

Hurawa da baki, nauyin da kake ji yana da dalili har a likitance, don ruwan haihuwar kare na iya ɗauke da cutar da ke kama mutum. Sa safar hannu duk lokacin karɓar haihuwa. Akwai 'yar jakar hura iska ta jarirai da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti, da ƙaramin murfin fuska. Saye ta kafin ɗayar ta haihu, a nuna maka yadda ake matsa ta kaɗan, domin huhun kwikwiyo bai kai na jaririn mutum ba.

Ita ɗayar, cikin karya wajen kwana 63 ne. A makon ƙarshe kai ta a ɗauki hoton ƙashi a ƙirga 'ya'yan, ƙasusuwansu na fitowa a hoto bayan kwana 45, ta haka za ka san ko ta gama ko akwai saura. Ka riƙa auna zafinta safe da yamma a makon. Yakan zauna tsakanin 38 da 39, in ya faɗo wajen 37 naƙuda na nan tafe cikin awa 24, sai ka sanar da likita tun da rana. Kana kusa da Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Jos, ba za ka rasa wanda zai ba ka lambarsa ba. Tambaye shi tun yanzu ko yana da na'urar sikanin, don da ita muke jin zuciyar 'ya'yan tun suna ciki, in ta sauka ƙasa da 180 mun san sun fara wahala, in ta ci gaba da sauka sai fiɗa.

Duna ma a duba ta, tunda ta sha doguwar naƙuda. In zafinta ya wuce 39.5, ko abin da ke fita daga jikinta ya fara wari, ko ta ƙi abinci ta ƙi 'ya'yan, haɗo ta da ƙaramin ku zo tare.